Na Bi Jinin Yaranmu Zuwa Yamai

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna na boko a firamare ya tsaya, kuma ni mutum ne mai tsoron faɗin abin da ban tabbatar ba. Nakan fara rubutu in yage takardar, don kada in ƙara wa wani magana ko in rage masa. Amma tun da na dawo ba ni da sakat. A bakin kanal a tare ni, a ƙofar masallaci a tare ni, har a wurin masu casar shinkafa a Kura sai wani ya riƙe mini kan keke ya ce, "Malam Hamisu, yaya ƙasar Faransa?" Na gaji da cewa ba Faransa na je ba, Nijar ce. Shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya iya ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, kanal ya ratsa ta gabas da mu. Ruwan nan shi ne arzikinmu, shinkafa da damina, alkama da tumatir da rani. Shi ne kuma yake sa wa yaranmu tsargiya. A wurinmu yaro ya yi fitsari da jini ba abin tashin hankali ba ne, har wasu tsofaffi suna cewa alamar girma ce. Bara wasu masu bincike suka zo daga Kano, shugabarsu wata likita ce, Dakta Rabi. Suka ba yara magani, sannan suka nemi izinin ɗibar jini kaɗan a hannun waɗanda iyayensu suka yarda. Dakta Rabi ba ta yi mana alkawarin komai ba. Ta ce jinin ba don warkar da yaron da aka ɗiba ba ne, maganin da ya sha ya ishe shi. So suke su gane abin da ya sa yara biyu za su yi wanka a kanal ɗaya, ɗaya ya kamu ya sake kamuwa, ɗayan kuma jikinsa ya ƙi. Ta ce wataƙila sai jikokinmu ne za su ga amfanin aikin, wataƙila ma a gama ba a samu komai ba.

Mai gari ya sa ni cikin 'yan kwamitin da za su riƙa yi wa jama'a bayani. Na bi gida gida, mutane da yawa suka yarda, wasu don sun fahimta, wasu don sun san ba na ƙarya.

Bayan an ɗibi jinin an tafi, sai ƙanwar babana, Goggo Asabe, ta aika a kira ni. Ita take riƙon jikanta, kuma yana cikin waɗanda aka ɗiba. Na same ta tana turara shinkafa.

Ta ce, "Hamisu, in wanzami ya yi wa mutum ƙaho, ina yake kai jinin?"

Na ce, "Binnewa yake yi, Goggo."

"Da aka haife ka, mabiyiyarka ina aka kai ta?"

"Bayan ɗaki aka binne ta."

"To, jinin jikana da ka sa aka ɗiba, in sun gama kallonsa, wa yake binne shi?"

Ban sani ba, kuma ban taɓa tunanin tambaya ba. Kafin sati ya zagayo maganar ta bi duk gidajen da ake turara shinkafa. Mata suka ce in masu binciken sun dawo ɗiba ta biyu bayan girbi, ba yaron da zai miƙa hannu sai sun ji amsar Goggo. Ni kuwa abinci ya daina shiga mini. Na je Kano na samu Dakta Rabi. Ta ce jinin ba a Kano yake ba, yana wani ɗakin bincike a Yamai da suke aiki tare, kuma ba za ta faɗa mini abin da ba a hannunta ake yi ba. Ta ce za a yi taro a can, an gayyaci manoman rani daga wuraren da ake aikin don su ga komai da idonsu, su faɗi abin da ke ransu. "Ka zo mu tafi, Malam Hamisu, ka tambaya da bakinka."

Mu uku muka tafi: ni, da ita, da Ardo Buba, wanda ya wakilci Fulanin da ke zaune bayan gonakinmu. Ardo dattijo ne mai son tsokana. Tun a tashar Kano ya ga ina taɓa aljihu ina duba katin shaida, in jima kaɗan in sake dubawa. Ya ce, "Kai Kaɗo, in katin nan yana da ƙafa da tuni ya gudu don ya huta da kai."

Muka wuce Katsina, muka wuce Jibiya, sai ga iyaka. Ni a zatona zan ga katanga ko babbar ƙofa, ashe sanda ce kawai aka gicciye a hanya, da wata rumfa. Gero a wannan gefe, gero a wancan gefe, awaki suna ƙetarawa ba mai tambayarsu kati. A ɓangaren Nijar wani jandarma ya leƙo motar ya tambayi kowa abin da zai kai shi. Kafin Dakta Rabi ta buɗe baki Ardo ya ce, "Jinin 'ya'yanmu muka biyo." Nan take aka ce mu uku mu sauko. Na fara tunanin wa zai shayar mini da gona in an tsare ni. Dakta ta yi wa jandarman Turanci, ya mayar mata da Faransanci, ba wanda ya ji wani. Sai da suka gaji suka koma Hausa, magana ta warware cikin ɗan lokaci. Ashe jandarman ma ya yi tsargiya yana yaro. Ya yi dariya ya ce wa Ardo, "Tsoho, in an sake tambayarka ka ce taro za ka." Ardo ya ce, "Ai ni ban iya ƙarya ba, sai in ciniki ake."

A Maraɗi muka ci burodinsu, dogo kamar sanda, ɓawonsa yana yankar dasashi, cikinsa kuwa iska. Suna yanka shi a tsaye su zuba nama da mai. Hausa suke yi kamar mu, amma suna jan ta wani iri, har na riƙa jin kamar muryar kakana ce da na sani ina ƙarami. Daga nan muka shiga babbar mota mai zuwa Yamai.

Hanyar nan doguwa ce, kuma na yi mafi yawanta tsakanin barci da farke. Rana ta kwanta a kan kwalta, can gaba sai in hango ruwa yana sheƙi a tsakiyar hanya, in ce ga kanal, in muka isa babu komai. Na gyangyaɗa na ga yaran ƙauyenmu suna iyo a sama da motar, ba sa jiƙewa. Na farka na ga raƙuma a jere suna tafiya a hankali kamar ba ƙasa suke takawa ba. Aka ce ga Birnin Ƙonni, aka ce ga Dogon Dutse, aka ce ga Dosso, sunayen suna wucewa ta kunnena kamar a rediyon maƙwabci. Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa. Da aka tsaya salla na yi ƙasaru tare da jama'a, sai kuma na shiga kokwanto ko in mun isa za mu daɗe har ƙasaru ta faɗi. Na tambayi Ardo. Ya ce, "Ka yi biyu, ka yi huɗu, ka ƙara da shida don kada a samu giɓi." Ban yi dariya ba sai daga baya.

Masaukin da aka ba mu yana kusa da kogi. Ban taɓa ganin ruwa mai faɗin nan yana tafiya ba tare da wani ya buɗe masa ƙofa ba. Namu ruwan sai an sako shi daga madatsar ruwa ta Tiga, a raba shi, a yi faɗa a kansa. Wannan kuwa tafiyarsa kawai yake yi, kwale-kwale suna yawo a kansa kamar ganye. Ɗakin yana da na'urar sanyaya wuri, na rasa yadda ake kashe ta, na kuma ji kunyar tambaya, sai na rufa da bargo da darduma. Banɗakin na zama ne, kuma babu buta. Da gari ya waye na fita na sayo buta, na sayo wa Ardo ma. Ya karɓa ya ce wannan ne aikin hankali na farko da ya ga na yi.

Wani abin da ya ba ni mamaki, da rana ta take sai gari ya yi tsit. Ofisoshi su rufe, mutane su koma gida su kwanta, sai can da yamma a sake fitowa. A Kura lokacin ne injin casa yake fi ƙara. Abincinsu kuma, sun iya dambu da zogale, sun iya kifi. Amma kafin a kawo abinci sai a ajiye maka ɗanyen ganye a faranti. Ardo ya kalli nasa ya ce a ƙulle masa a leda, akwai wata saniyarsa da ba ta da lafiya.

Washegari aka kai mu ɗakin binciken. Mun kai mu goma sha wani abu, yawanci Zabarmawa manoman shinkafa na bakin kogi, maza da mata. Aka ba kowa farar riga. Wanda ya zagaya da mu shi ne babban wurin, Dakta Sumana, Bazabarme ne amma yana jin Hausa. Ya fara kai mu wani ɗaki cike da akwatunan gilashi masu ruwa. A ciki dodon koɗi ne, ƙanana, irin waɗanda muke takawa a kanal ba mu ko kalle su ba. Nan ana ba su latas, ana auna musu ɗumi, akwai mai kula da su. Ya ce a jikinsu tsutsar tsargiya take girma kafin ta fito ta shiga fatar mutum.

Sai ya ɗiga ruwa a kan gilashi ya ce in leƙa ta madubin da ke ƙara girman abu. Da fari haske kawai na gani, zagayayye kamar wata. Can sai ga wani abu ya gifta, mai kai da wutsiya, wutsiyar ta rabu biyu a ƙarshe. Sai wani, sai wani. Suna iyo, suna tsayawa, suna lilo a cikin hasken nan, ba ƙara, ba gaggawa. Na manta inda nake. Tun ina yaro nake shiga ruwan nan, ubana ma haka, ashe duk shekarun nan akwai wata al'umma a cikinsa tana harkarta ba mu san juna ba. Na yi tasbihi. Sai da Ardo ya ja mini riga ya ce, "Ka bar wa mutane, ba gadonka ba ne."

Daga nan aka kai mu ɗakin sanyi. Dakta Sumana ya sa safar hannu mai kauri ya buɗe wani babban firji. Wani farin hayaƙi ya zubo, ba sama ya yi ba, ƙasa ya bi, ya lulluɓe mana ƙafafu. Ya zaro akwati, ciki ƙananan kwalabe ne a jere, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba. Babu suna a jikinsu, lamba ce kawai, ya ce don kada kowa ya san na wane ne. Ya nuna wani layi ya ce, "Waɗannan naku ne, na Kano." Na tsaya ina kallonsu. Yaran da na sani da ƙiriniya, masu satar tumatir, masu hawan jakin mutane, ga su nan sun yi shiru cikin sanyi a wata ƙasa. Ban san lokacin da na yi musu sallama a zuciyata ba.

Na ce, "Likita, in kun gama aiki da shi, sauran fa?"

Ya ce, "Ƙonewa muke yi." Ya faɗa ne kamar yadda zan ce ana ba alkama ruwa. Ya kai mu bayan ginin ya nuna mana wani ɗan ɗaki na bulo mai dogon bututu.

Ban ji sauran bayanin ranar ba. Aka kawo abinci na kasa ci. Ina ta ganin fuskar Goggo cikin tururin shinkafa.

A zaman taro aka ce kowa ya faɗi abin da yake so masu bincike su sani. Wani ya ce a riƙa dawowa ana gaya musu abin da aka gano, ko da ba a gano komai ba. Wata ta ce a daina zuwa ranar kasuwa. Masu binciken suna saurare, wani lokaci su yi gardama, wani lokaci su ce ba su sani ba. Ni ina zaune ina shirya magana ina rushewa. Dakta Rabi ta waiwayo ta ce a hankali, "Malam Hamisu, saƙon Goggo." Na miƙe, takalmina ɗaya ya zame, na bar shi. Na faɗi tambayoyin Goggo guda uku kamar yadda ta yi mini su. Na ce a wurinmu abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ƙasa ake mayar da shi, gashi ne, farce ne, jini ne. Wuta kuwa ba ma haɗa ta da mutum.

Da tafinta ya juya maganar, wata tsohuwa Bazabarma ta buga cinya ta yi magana mai tsawo. Tafinta ya ce cewa take su ma haka ne, kuma da ta san ƙonawa ake yi da ta tambaya tun farko.

Dakta Sumana ya ce ba don raini suke ƙonawa ba. Jini yana iya ɗauke da wasu cututtuka, in an binne shi sakaka kare zai iya tonowa, ruwa zai iya wankewa, kuma doka ce ta ce a ƙona. Ya ce shi da hannunsa ya binne mabiyiyar 'ya'yansa, amma bai taɓa haɗa wancan da wannan a ransa ba. Aka shiga shawara. Wani ya ce a zuba wa jinin maganin kashe cuta sannan a binne a rami mai zurfi. Wani ya ce a binne tokar. Dakta Sumana ya ce bai san ko hukuma za ta yarda ba, ba zai yi mana alkawarin abin da ba shi ne mai iko da shi ba. Abin da aka tsayar shi ne, ba za a sake ƙona jinin ƙauyukanmu ba sai sun tambayi hukuma mu ma mun tambayi malamanmu, kuma daga yanzu za a riƙa gaya wa iyaye ƙarshen jinin tun kafin a ɗiba.

Da an bar ni a nan da na dawo da sauƙi. Amma kalmar nan "sake" ta tsaya mini a wuya. Bayan an tashi na bi shi na ce, "Likita, cikin namu akwai wanda aka riga aka ƙona?" Ya sunkuyar da kai ya ce akwai kaɗan, waɗanda aka gama aiki da su. Shi bai san na waɗanne yara ne ba.

A hanyar dawowa ban ga ruwa a kan kwalta ba, ban ga komai ba. Ardo ya lura. Bayan mun wuce Dosso ya ce, "Hamisu, ka ce wa Goggo jinin yana nan cikin sanyi, ba a taɓa shi ba. Ai mafi yawansa yana nan. Tsohuwa ce, me za ka ɗora mata?" Wannan karon ba tsokana yake ba. Na yi ta auna maganarsa har Maraɗi, har iyaka, har Kano. In na faɗi rabi, aikin zai ci gaba. In na faɗi duka, wataƙila a kore su, kuma ni ne na kawo su.

Na sami Goggo a tsakar gida tana shanya shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta, na ba ta tsarabar kilishi, ta ajiye a gefe ba ta buɗe ba. Na faɗa mata komai, da firjin, da ɗakin bulo, da kaɗan ɗin da aka riga aka ƙona. Ta ci gaba da baza shinkafa da hannu har na zaci ba ta ji ba.

Can ta ce, "Shi likitan, da ka tambaye shi, ya yi maka musu?"

Na ce, "A'a, Goggo. Kansa ya sunkuyar."

Ta ce, "To, da sauransa." Ta karkaɗe hannu. "Wanda aka ƙona, Allah ya san inda tokarsa take. Wanda ya rage, ka samo masa rami. In ka samo, ga hannun jikana, ni zan riƙe shi a ɗiba. In ba ka samo ba, kada ka shigo mini gida da masu farar riga."

Sauran matan suka ce bakinsu ɗaya da ita.

Na je wurin limaminmu. Ya ce ya san binne jinin ƙaho da gashi da farce abu ne mai kyau, amma bai taɓa karanta hukuncin ɗigon jinin da aka ƙona don tsare lafiyar jama'a ba, kuma ba zai ba da fatawa a kan abin da bai karanta ba. Dakta Rabi ta ce har yanzu ba a ba su amsa daga can ba.

Don haka nake roƙon masu karatu. In akwai malamin da ya san hukuncin wannan a littafi, ya taimaka ya faɗa, ya kuma faɗi inda ya gani, don ni ba zan kai wa Goggo "an ce" ba. In akwai likita ko ma'aikacin asibiti da ya san wani wuri, a ƙasar nan ko a wata, da ake kashe cutar da ke cikin jini sannan a binne shi da yardar hukuma, ya bayyana mana yadda suke yi. A aiko ta wannan shafi, akwai mai kawo mini jarida daga Kura. In kuma na yi kuskure a wani abu da na faɗa game da aikin likitocin nan, a gyara mini, laifin fahimtata ne. Ina roƙo a hanzarta, don shinkafa ta fara fitar da kai, kuma da an yi girbi za su dawo.